Tambaya da Amsa: Cire Ƙwayoyin Halitta daga Tantanin Ido

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun kimiyyar sinadaran jiki a Gombe. An ba mu aikin samo idanun awaki daga mayanka, mu cire ƙwayoyin halittar da ke cikin tantanin nan garai-garai na gaban ido, wato koniya, sannan mu auna abin da ya rage. Mene ne amfanin hakan, kuma me za mu auna? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Tun daga 1905 da likita Eduard Zirm ya yi dashen koniya na farko da ya kama, ƙarancin masu bayarwa ne ke ci wa likitocin ido tuwo a ƙwarya, har wani binciken duniya da aka wallafa a 2016 ya nuna koniya ɗaya tak ake samu ga mabuƙata 70. Shi ya sa aka koma duban ta dabbobi. Sai dai garkuwar jikin mutum ba ta barin baƙin ƙwayoyin halitta su zauna lafiya, don haka ake fitar da su a bar saƙar kolajin ta tsakiya (kolajin furotin ne mai kama da zare da ke ba nama ƙarfi), wadda ita ce kusan kashi 90 cikin ɗari na kaurin tantanin.

Fitar da su ba wuya: ana amfani da ruwan gishiri mai ƙarfi, ko daskarewa da narkarwa, ko sinadarin wanki irin SDS, a biyo da sinadarin da ke narkar da DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin. Inda gizo ke saƙar shi ne SDS ba ya tantancewa, yana kwashe har abin da ake so a bari, tantanin ya kumbura ya yi hazo, kuma koniyar da haske ba ya ratsawa ba ta da amfani ga majinyaci. A ganina gishirin ya fi dacewa da mai koyo.

Don tabbatar da cewa ƙwayoyin sun fita, ma'aunin da aka fi bi tun 2011 shi ne ragowar DNA ta gaza nanogiram 50 a kowane miligiram na busasshen nama. Kolajin kuwa ana gane yawansa ne ta auna haidiroksifurolin, wani sinadari da ke da yawa a cikinsa, bayan an dafa samfurin cikin asid, sannan da wani rini mai suna DMMB a auna sukarin nan masu riƙe ruwa a tsakanin zarurrukan kolajin, waɗanda su ne suka fi saurin zubewa wajen wanki.

Ki ajiye koniyar da ba a taɓa ba domin kwatantawa, kuma ki busar da kowane samfuri sarai kafin awo, domin nauyin ruwan kumburi zai sa ki ga kamar DNA ta ragu alhali tana nan.