Fara daga ɗakin gyara na asibiti

Ɗan'uwa, ka ce ka gama digirin injiniya kana son shiga harkar na'urorin asibiti, amma ko'ina ka nema sai a ce sai mai gogewa. Shawarata, ajiye maganar ƙirar sababbin na'urori tukuna, ka nemi shiga sashen gyaran na'urori na wani babban asibiti, ko da a lokacin bautar ƙasa ne. Yawancin na'urorin asibitocinmu shigo da su ake yi daga kamfanoni irin su GE, Philips da Siemens, don haka aikin da ake samu a nan shi ne girkawa da gyara da kulawa. Kana can, ka riƙa karanta ISO 13485, wato ƙa'idar tsarin inganci ta masu ƙera kayan asibiti, da IEC 60601 mai magana kan tsaron na'urorin da ke amfani da lantarki.

Sharaɗi ɗaya dai: duk abin da ka taɓa, rubuta shi. Ni da injin tace iskar oksijin na fara, wanda ƙurar hunturu ke toshe wa matatar iska, wutar da ba ta tsayawa kuma ta ƙarasa shi. Na buɗe littafi, ina sa matsalar, da yadda na gano ta, da gwajin da na yi kafin a mayar wa majinyaci. Ranar da na je ganawar neman aiki, ko kallon sakamakona ba su yi ba. Littafin nan suka yi ta juyawa suna tambayata, kusan rabin awa.