Dala ta lafa amma waya na ƙara tsada: in ci bashi in cika shago?

Tambaya: Shekara tara ke nan ina da shago a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Da can in waya ta tashi mun san dala ce. Yanzu dala ta ɗan zauna, amma duk sarin da na je sai a ce an ƙara. Abokaina sun ce in karɓi bashin banki in haɗa da jarina in cika shago kafin ta ƙara tashi. Kuma ɗana ya gama sakandare yana son koyon gyaran waya, ni kuwa ina jin ana cewa na'ura za ta ƙwace ayyukan mutane. Mene ne shawararka?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abin da ka gani gaskiya ne, amma a wannan karon tushensa ba a kasuwar canji yake ba. A cikin kowace waya akwai ɗan ƙaramin guntu da ake kira memori, wanda kuke faɗa wa mai saye kuna cewa "wannan 4 ce da 64, wannan 8 ce da 128". Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan irin wanda waya ke aiki da shi a duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Da kamfanoni irin su Microsoft da Google da Meta suka shiga gina manyan rumbunan kwamfuta don ƙirƙirarriyar basira (wato AI, na'urar da ake cewa za ta ƙwace ayyukan mutane), rumbunan da su ma memori suke buƙata, sai suka zo da kuɗin da mai haɗa waya ba zai iya gogayya da shi ba. Masana'antun suka karkata ga mai tsoka, memorin waya ya yi ƙaranci, farashinsa ya hau sosai daga ƙarshen 2025. Wayoyin talaka irin Tecno da Itel da Infinix, waɗanda kamfanin Transsion na birnin Shenzhen ke yi, su ne suka fi jin jiki, domin ribar da ke kansu dama ba ta da kauri.

To, tunda tsadar gaske ce, me zai hana a cika shago? Ni dai ban ba ka shawarar cin bashi don wannan ba, kuma zan faɗa maka dalili.

Kasuwar memori ba ta tafiya a miƙe. A 2023 farashinsa ya faɗi har Samsung ya rage ƙerawa don kaya sun yi masa kwantai. Abin da ya hau yau saboda ƙaranci zai sauko ranar da sababbin masana'antu suka fara fitar da kaya, ko masu gina rumbunan nan suka ja birki. Sannan ga siyasa, wadda ta fi kasuwa saurin juyawa. A watan Afrilun 2025 Shugaba Trump na Amurka ya kai harajin kayan Sin da ke shiga ƙasarsa kashi 145 cikin ɗari. A watan Mayu, bayan zaman da Amurka da Sin suka yi a birnin Janiba, ya dawo kashi 30. Mako biyar kacal. Ka kuma tuna da abin da ya same ku a gida: bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, masu zuwa sari daga Maraɗi da Damagaram suka ɗauke ƙafa. Wanda ya cika shago da kuɗin banki a lokacin, banki bai jira a buɗe iyaka ba.

Ga kuma kuɗin ruwa. A Satumban 2025 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya kashi 27 ne cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke bai wa ɗan kasuwa. Ko ka je bankin da ba ya ta'ammali da ruwa kuka yi murabaha, wato su sayi kayan su sayar maka bashi da riba, akwai ribarsu da ranar biya a rubuce. Ita kuwa waya ba shinkafa ba ce. Wata shida ta yi a kanta, sabon samfuri ya fito, yaro ya shigo ya ce "wannan ai tsohon yayi ne".

Abin da ya fi damuna da 'yan kasuwarmu shi ne yadda jari ke zagwanyewa mutum yana murnar riba. Ka sari waya naira 95,000, ka sayar 105,000, ka rubuta ribar dubu goma. Ka koma sari ka tarar ta zama 108,000. Ba ka ci riba ba, dubu uku ka cika daga aljihunka kafin ka mayar da waya ɗaya kan kanta. Haka aka yi wa mutane da yawa lokacin da naira ta tashi daga kusan 460 a dala a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024: kuɗi sun yi yawa a asusu, kanta ta yi fayau. Don haka kowace safiya ka tambayi farashin sari na ranar kafin ka yi wa kowa kuɗi, kuma a ƙarshen wata ka ƙirga jarinka da yawan wayoyi, ba da naira kaɗai ba. Da kuɗinka na kanka, ka ƙara sarin samfuri biyu ko uku da ka san ba sa wuce mako uku a shago. Sauran ka bar su.

Batun yaronka kuwa, ka bar shi ya koya, da zuciya ɗaya nake faɗa. Ayyukan da ƙirƙirarriyar basira ta fara taɓawa na zaman tebur ne: rubuta wasiƙa, fassara, amsa ƙorafin masu hulɗa, zanen talla. Ba ta riƙe ƙarfen dalma ta ɗaga guntun da ya ƙone a kan allon da ke cikin waya. Kuma duk ranar da sabuwar waya ta fi ƙarfin aljihu, mutum tsohuwarsa yake kawowa a canza mata sikirin da batir. Tsadar da ke rage maka ciniki ita ce za ta kawo masa aiki. Sai dai kada ya tsaya a canza sikirin, wannan kowa ya iya. Ka kai shi wurin ogan da ke aikin allo da madubin ƙara girma, ya koyi karanta taswirar waya, ya haɗa da gyaran inbata da batirin sola, tunda gidaje da shaguna sai ƙara komawa hasken rana suke yi. Ka ware wani abu daga jarin ka saya masa kayan aiki masu kyau, ka ba shi teburi a bakin shagonka, wanda ya zo ya ji farashin sabuwa ya juya, ya tarar da mai gyara masa tsohuwa kafin ya kai ƙofa.