Dizal na yoyo, mota ba ta tashi da safe: kar a cire babban famfo tukuna

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka kan tsohuwar babbar motar MAN ɗin da kake jigilar kaya da ita tsakanin Kumasi da Tamale. Ka ce da safe sai an yi ta murza ki kafin ta tashi, wani lokaci sai yaron mota ya danna famfon hannu, wanda ake jawo mai da shi a fitar da iska, amma da ta kama shi ke nan har dare. Gefen filta kuma kullum a jiƙe yake da dizal. Wani fita, wato makaniki, ya ce a cire babban famfo, wanda ke tura dizal da ƙarfi zuwa nozul masu fesa shi cikin inji, a kai gwaji. Na daɗe ina wannan sana'a a Suame Magazine, unguwar makanikai da ke Kumasi, kuma shawarata kar ka bari a kwance famfon nan yanzu.

Babban famfon da ya lalace ba ya warkewa don an danna famfon hannu. Tunda dannawa ke tada ta, to man ne ke sulalewa ya koma tanki cikin dare, iska ta cika layin. Daga tanki zuwa ƙaramin famfon da ke jikin inji zuƙo mai ake yi, ba tura shi ba. Duk wata 'yar kafa a wannan tsakanin iska take sha, ba ta zubar da mai, shi ya sa mai laifin kan kasance a bushe ƙayau, ka duba ka wuce shi. Inda ka ga jiƙa kuwa galibi bayan ƙaramin famfon ne, wurin da ake tura man: inji na aiki ya yi yoyo, an kashe ya sha iska. Ke nan mai yiwuwa ciwon nan biyu da ka lissafa ɗaya ne, mai yiwuwa kuma akwai wata kafar a ɓoye.

Ka fara da wanke wurin tas, ka bar shi ya bushe, ka barbaɗa masa hoda ko garin alli. Dizal yana bin jikin ƙarfe ya yi tafiya, inda ya ɗiga ba nan ya fito ba. Ka tada ta ka tsaya kana kallo. Inda hodar ta fara yin duhu, nan ne. A kan filta abin da na fi samu shi ne robar bakin filta: ko ta tsufa, ko an saka sabuwa a kan tsohuwar da ta manne. Sai washar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin noti mai rami. Ita wannan sau ɗaya ake ɗaure ta, amma yaranmu sai su mayar da tsohuwa su ƙara ɗaurewa da ƙarfi har kan filtan ya tsage. Famfon hannun shi kansa kar ka yarda da shi, robarsa kan saki.

Gwajin da na fi so ba ya cin kuɗi. Nemi tiyo mai garai-garai, ka sa shi kafin filta, ka bar motar ta kwana. Da safe idan tiyon wayam ne, ko kuma ka ga kumfa na wucewa bayan ta tashi, magana ta ƙare, iska ce. Don ka san daga ina take shiga, zuba dizal mai tsabta a galan Kufuor, wato jarkar nan mai ruwan ɗorawa, ka ja layi kai tsaye zuwa ƙaramin famfo, ka fitar da iska, ta sake kwana a haka. Ta tashi bugu ɗaya? To laifin yana baya: tiyon da ya tsattsage a ƙarƙashin kilif, ko kwanon da ke tace ruwa, ko bututun cikin tanki da ya tsage. Wannan na ƙarshen yakan nuna kansa ne idan mai ya yi ƙasa a tanki. In kuwa ba ta canza ba, sai a duba bawul ɗin da ke kan layin da mai ke komawa tanki, da ƙananan tiyoyin da ke tsakanin nozul da nozul.

Ka sa yaronka ya kalli salansar motar lokacin da kake murza ki. Babu hayaƙi sam, mai bai iso ba. Farin hayaƙi mai warin dizal kuwa, mai ya iso amma bai kama ba, nan sai a koma kan batir da sitata da ƙarfin injin kansa. Motarka batir 2 ne masu bolt 12 da aka haɗa suka ba da 24. Ɗaya ya raunana, inji zai juya a hankali, ballantana a sanyin hunturu idan ka kwana Tamale. Kar kuma ka riƙe ki fiye da daƙiƙa 15, ka bar sitata ta huce.

Abin da wasu direbobi ke yi na jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin shan iska, don Allah ka hana yaronka. Za ta tashi, amma zoben fistin ne ke biyan kuɗin.

Ka riƙa zaro sandar man inji kowace safiya. Idan man yana ƙaruwa maimakon raguwa, ya tsinke, yana warin dizal, to yoyon ciki ne, kar ka hau hanyar Techiman da ita a haka. Kuma in yoyon a kan bututun ƙarfe ne mai zuwa nozul, kar ka sa yatsa kana lalube inji na aiki, ƙarfinsa na huda fata. Kwali ake karawa. Bututun da ya tsage sabo ake sawa, walda ba ta riƙe shi.

Idan ka yi gwajin galan ɗin, tiyo ya kwana cike da mai, batir lafiya, amma har yanzu tana gardama, musamman in ta fara ƙin tashi da zafi, a lokacin ne za a cire nozul a gwada, famfo ya biyo baya. Ka faɗa mana abin da tiyon ya nuna da kalar hayaƙin.