Me Ya Sa Wani Zane Yake Motsi, Wani Ya Ƙi?

Ɗana, na ga saƙonka, na kuma buɗe rahoton da ka turo. Abu biyu ka tambaya. Na farko, ka danna sandar wani nau'in kaya a zanen sanduna, zanen cinikin wata-wata ya sauya, taswira ma ta sauya, amma akwatin da ke nuna yawan kwastomomi ya tsaya ƙyam kamar ba da shi ake ba. Na biyu, a teburin yankuna, in ka tara kwastomomin kowane yanki da hannu, abin da ka samu ya zarce jimillar da manhaja ta rubuta a ƙasa. Har kana tunanin ko Power BI ɗin, manhajar da ka gina rahoton da ita, shi ne ya lalace, ka sake sauke shi.

Kada ka sake sauke komai. Ruwa ba ya tsami banza, kuma tsamin nan ba daga zanen yake ba. Zane fuska ce kawai. Duk lokacin da ka danna sanda, tambaya ka aika wa teburan da ke bayan fage: a cikin wannan nau'in kaya kaɗai, nawa ne? Tambayar sai ta bi hanyoyin da kai ka shimfiɗa tsakanin teburan. Inda hanya ta ƙare, nan tambayar take tsayawa.

Buɗe shafin da ke nuna alaƙar teburanka ka duba da kyau. Teburin ciniki yana tsakiya, kowane jere a cikinsa sayarwa ɗaya ce. Kewaye da shi akwai teburin kaya, na kwastomomi, na yankuna. Masu sana'ar nan suna kiran wannan tsarin tauraro, kuma ka yi daidai da ka gina shi haka. To dubi 'yar kibiyar da ke kan kowane layin alaƙa. Ina ta nufa? Daga ƙaramin tebur take gangarowa zuwa teburin ciniki. Da ka danna nau'in kaya, tacewar, wato umarnin a ware wannan nau'in kaɗai, ta gangara ta shiga ciniki, shi ya sa duk zanen da ke shan ruwa daga ciniki ya motsa. Akwatinka kuwa jeren teburin kwastomomi yake ƙirgawa, kuma tacewa ba ta hawa daga ciniki ta koma can. Saƙon bai isa gare shi ba, da me zai amsa?

Na san abin da zai fara zo maka a rai: ka mai da kibiyar mai kai biyu, tacewa ta riƙa tafiya gaba da baya. Zai yi aiki a yau. Amma ni ba na son ka saba da shi. In teburan suka yi yawa, hanyoyi kan zama biyu ko uku zuwa wuri guda, rahoto ya yi nauyi, lissafi ya fara fitowa ta hanyar da ba ka zata ba, ka rasa inda za ka kama. Abin da ya fi tsafta shi ne ka rubuta ma'auni, wato lissafin da ake sake yi a kowane danni, da DAX, harshen rubuta lissafi na Power BI, wanda zai shiga teburin ciniki ya ƙirga lambobin kwastomomi ba tare da maimaici ba. Umarnin DISTINCTCOUNT ke yin wannan. Layi ɗaya ne. Kuma lura, ma'anar akwatin ta sauya: da yana cewa mutum nawa ke cikin rajistarmu, yanzu yana cewa mutum nawa suka sayi wannan kaya. Sai ka gyara sunansa ya dace da abin da yake faɗa.

Kafin ka taɓa alaƙa ma, ka riƙa duba wurin da ake gyara mu'amalar zane da zane. A nan ake zaɓar ko wannan zane zai tace wancan, ko ya haska ɓangarensa ya dusashe saura, ko ya ƙyale shi sam. Na duba naka, ba nan matsalar take ba. A wasu manhajojin rahoto irin su Tableau da Looker Studio ma akwai makamancin wannan, suna da wurin maɓalli ne suka bambanta.

Tambayarka ta biyu kuwa, manhaja ce ke da gaskiya. Kwastoman da ya yi sayayya a yanki biyu zai fito a jeren kowane yanki, amma a jimilla mutum ɗaya ne. Jeren jimilla ba tara na sama yake yi ba, sabon lissafi yake yi bayan an ɗauke tacewar yanki. Ka riƙe wannan da kyau, don zai sake tare ka a wata siga. Ɗauki matsakaici. A ce wani reshe ya yi sayarwa 10, matsakaicin kowace 100, wani reshen ya yi 1000, matsakaicin kowace 20. In ka haɗa 100 da 20 ka raba biyu, 60 za ka samu. Ainihin matsakaicin kuwa bai kai 21 ba. Wanda ya lissafa matsakaici tun a tebur ya ajiye, sannan ya ce zane ya sake ɗaukar matsakaicinsa, 60 zai nuna wa shugabanni, su kuma su yanke hukunci a kai. Don haka duk abin da ake rabawa, kaso cikin ɗari ne ko riba a kan kuɗin kaya, a ma'auni ake rubuta shi, domin kowane danni ya sa a tara abin da za a raba, a tara abin da za a raba da shi, sannan a raba.

Yanzu bari in taɓo abin da ba ka tambaya ba, wanda ya fi damuna a rahotonka. Na ƙirga maɓallan tacewa tara a shafi guda, ga wata tacewa da ka ɓoye a gefe wadda ta cire kayan da aka dawo da su, kuma babu inda aka rubuta haka. Wannan ya taɓa cin mini tuwo a ƙwarya. Ina sabon hannu na ajiye rahoto da tacewar yanki a kunne, wani kamfani ya shiga taro da shi, aka yi kusan awa ana muhawara a kan faɗuwar cinikin da bai faɗi ba. Lissafina daidai yake, amma wanda ke kallo bai san ɓangare ake nuna masa ba. Tun ranar ba na sakin rahoto sai kan kowane zane yana faɗin halin da yake ciki: wane yanki, wane lokaci, me aka cire. Ana iya sa taken ya riƙa sauyawa da kansa bisa abin da aka zaɓa, ka koyi yin hakan. Ka kuma sa maɓalli ɗaya a sarari mai mayar da komai yadda yake tun farko.

Batun yawan maɓallai, akwai wani masanin kwamfuta a Jami'ar Maryland ta Amurka, Ben Shneiderman, da ya tsara ƙa'ida a 1996 wadda har yau nake aiki da ita. Ma'anarta ita ce a fara nuna wa mutum abin gaba ɗayansa, sannan a ba shi damar matsowa da tacewa, dalla-dalla kuma sai ya nema. Kai ka zuba masa dalla-dallar tun daga bakin ƙofa. Shafin farko ya amsa tambayar da ta kawo shi ko bai danna komai ba, domin da yawa ba za su danna ba. Lokaci, yanki, nau'in kaya, waɗannan uku sun isa a gaba. Mai son ƙari ya nutsa daga shekara zuwa wata zuwa rana, ko ya ɗora kibiyar linzami a kan sanda ɗan akwatin bayani ya fito. Nutsewar nan tana son teburin kwanaki na musamman, mai ɗauke da kowace rana ba tsallake, har ranakun da ba a yi ciniki ba. Ban ga shi a naka ba.

Sai zanen da'irarka mai yanka goma sha huɗu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai kimar tsawo ya fi sani a kan ta kusurwa. Masana ƙididdiga William Cleveland da Robert McGill sun gwada mutane a kan wannan, suka wallafa a 1984 cewa an fi karanta matsayi a kan ma'auni guda daidai fiye da kusurwa ko faɗi. Mai da shi sanduna a kwance, ka jera daga babba zuwa ƙarami, ma'aunin ya fara daga sifili. Ja da kore da ka yi amfani da su wajen raba riba da asara, akwai maza da dama da idonsu ba ya bambanta su, don haka ka ƙara alama ko ka koma shuɗi da ruwan lemo.

Kuma ka ware lokacin da za ka yi yawo cikin bayanan don kanka, kafin ka gina wa wani. A 1973 masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya fito da rukunin lambobi huɗu, kowane mai ɗigo 11, matsakaicinsu ɗaya, layin da ya ratsa su ɗaya, amma da aka zana su sai ga siffa huɗu daban: ɗaya warwatse a kan layi, ɗaya lanƙwasasshe, sauran biyun kuma ɗigo guda ne ya fita daban ya ja lissafin. A bayananka ma na hango irin wannan ɗigon: kwastoma ɗaya da ya ɗauki kusan rabin cinikin wani yanki. Yi zanen ɗige-ɗige, ka danna shi, ka cire shi, ka ga me ya rage na yankin.

Ga aikinka kafin mu haɗu. Rubuta ma'aunin kwastomomin, gina teburin kwanaki, rage maɓallan. Sannan zaɓi nau'in kaya ɗaya da wata ɗaya, ka fitar da jerensu zuwa Excel ka tara da hannunka, ka gwada da abin da zane ya nuna. In sun yi daidai, miƙa wa wani da bai taɓa ganin rahoton ba, ka zauna gefensa ka yi shiru, ka rubuta inda ya fara dannawa da inda ya tsaya yana dube-dube. Ka taho mini da takardar.