Amsa ga mai tambaya kan ƙauyen Degel

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce an ba ka aikin rubutu a makaranta kan Degel, kana neman tarihinsa da yanayin ƙasarsa da yawan mutanensa, kuma alƙaluman da ka gani a intanet kowanne da inda ya dosa. Na yi aikin rigakafi gida-gida a ƙauyukan ƙasar Gwadabawa, shi ya sa zan fara da batun yawan jama'a, don nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe.

Duk lambar da aka ce maka ita ce yawan mutanen Degel, kada ka kwafa sai ka ga tushenta. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, kuma abin da aka fitar wa jama'a ya tsaya ne a kan ƙananan hukumomi. Gwadabawa ta jihar Sakkwato, wadda Degel ke cikinta, an ba ta mutum sama da dubu 230. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 kuwa ɗage ta aka yi. To ka ga mai ba ka adadin ƙauye guda har da ɗigo, ko dai kintace ya yi ko ya ari na wani.

Yadda muke yi a aikinmu shi ne mu bi gida-gida da alli muna sa alama a jikin ƙofa. Nan za ka gane cewa ƙirga zaure ba ƙirga mutane ba ne. Sai ka yi sallama a zaure ɗaya, ka tarar a ciki akwai dattijo da 'ya'yansa magidanta uku ko huɗu, kowa da sashensa da iyalinsa, rumbunan gero jere a tsakar gida. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce tukunya nawa ake ɗorawa a gidan. Sannan ka kula da lokacin da ka je. Da an kai amfanin gona gida samari ke watsewa cin rani, wasu Sakkwato, wasu Abuja, wasu har Legas, ba za su dawo ba sai an fara sharar gona. Fulanin rugagen da ke kewaye su ma suna tafiya da shanu neman ciyawa. Ƙauyen da ka ƙirga a watan Maris ba shi ne za ka tarar a Agusta ba. Ka rubuta watan da ka yi ƙirgarka, ka kuma kwatanta da abin da mai gari da ma'aikatan asibitin yankin suka sani.

Yanayin ƙasar ne ke jawo wannan zirga-zirga. Wurin yana arewa da birnin Sakkwato, kusa da Cimmola, a ɓangaren hanyar da ke zuwa Illela da Ƙonni. Damina gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, sai hunturu da ƙurarsa, sai zafin bazara da kan haura digiri 40. A tudu gero da dawa da wake ake nomawa, masu fadama kuma su yi albasa da rani. Wanda ba shi da fadama, wata bakwai ko takwas ba shi da aikin gona.

Tarihi kuwa, a nan ne nake so ka zauna ka natsu, don wannan ɗan wuri ya ɗauki abin da manyan birane ba su ɗauka ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba a Degel aka haife shi ba. A Maratta ne, cikin Nijar ta yau, a 1754, daga baya iyayensa suka komo Degel ya tashi a nan. Danginsa Toronkawa sun daɗe a yankin Ƙonni, kuma Degel na gefen ƙasar Gobir ne, nesa da fadar Alƙalawa. A ganina wannan nisa ya taimaka ƙwarai, malami ya sami sararin karantarwa ba tare da idon fada a kansa kullum ba. Yana da kimanin shekara 20 ya fara wa'azi, ya zaga Kabi, ya yi shekaru a Zamfara, sannan ya dawo ya zauna. Daga nan ƙauyen ya cika da almajirai da malamai, Fulani da Hausawa da Buzaye. A nan aka haifi Nana Asma'u a 1793, kuma a tsakar gidajen Degel ta fara karatun da ya sa har yau ake ambatonta.

Cikar nan ce ta tayar wa sarakunan Gobir hankali. Nafata ya kafa doka: kada wani ya yi wa'azi sai Shehu, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina yafa mayafi. Da Yunfa ya hau, rikicin ya ƙara zafi. Dakarunsa suka auka wa Gimbana, garin Abdussalami almajirin Shehu, suka biyo da kamammu ta kusa da Degel, jama'a suka kwance su. Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita da iyalinsa kaɗai, Shehu ya ce ba zai rabu da jama'arsa ba. A watan Fabrairun 1804 aka ɗaure littattafai a kan raƙuma aka yi hijira zuwa Gudu. Can aka yi masa mubaya'a, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto, Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Abin da zan so ka fito da shi a rubutunka shi ne, Shehu bai sake komawa Degel da zama ba. Ya zauna Gwandu, ya koma Sifawa, ya ƙare a Sakkwato inda ya rasu a 1817. Mutanen da suka cika ƙauyen sun bi shi, nauyin yankin kuma ya koma wasu garuruwa, kamar Cimmola da aka yi ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, da Gwadabawa wadda Muhammadu Maiturare ya kafa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Saboda haka ƙanƙantar Degel a yau tana da dalili, kuma dalilin na cikin tarihinsa. In kana son ganin labarin daga bakin waɗanda aka yi da su, nemi Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello.

In za ka je, ka fara tambayar halin tsaron hanya daga mutanen yankin, ka tafi da rana. Ka sauka wajen mai gari da ɗan goronka kafin ka fito da biro, ka roƙi a haɗa ka da dattijon da zai nuna maka tsohon mazaunin Shehu da kabarin mahaifinsa. Abin da dattawa suka faɗa maka ka rubuta shi a matsayin ruwayar baka, ka ware shi daban da na littafi. Allah ya ba da sa'a.