Amsa ga mai shirin fara koyon aiki a ƙaramar hukuma

Ka ce shekararka 19, an ba ka gurbin koyon aiki a ƙaramar hukuma, kana tambaya ko ka karɓa da kuma abin da za ka sa wa ido. Ƙanena, ka karɓa, amma kada ka sa hannu a yarjejeniya sai ka ga abu huɗu a rubuce: tsawon lokacin, alawus da ranar biyansa, ranakun da aka ware maka don karatu, da sunan wanda zai horar da kai. Na ƙarshen nan ake yawan bari a fatar baki. In ba a ɗora nauyinka a kan mutum ɗaya ba, kowa zai aike ka, ba mai koya maka, sai wata shida ya wuce kana bakin injin kwafi. Ka kuma tambayi irin takardar shaidar da za a ba ka a ƙarshe.

In an ba ka zaɓi, fara da ofishin rajista. Matasa na raina shi, alhali duk takardar da ta shigo ta nan take bi. Wasiƙa ta zo, a buga mata hatimin ranar karɓa, a shigar da ita littafi da lambarta, a sa ta a fayil ɗin da ya dace, a ba ta lambar shafi, sannan a kai wa jami'in da abin ya shafa, shi ma ya sa hannu cewa ya karɓa. Fayil ba ya ɓata da kansa. Wani ne ya ce "ba ni minti biyar", aka ba shi ba a rubuta ba. Ko da kwamfuta ake aikin, ƙa'idar ba ta canza ba. Wata biyu ko uku a nan, za ka san wa ke da ikon amincewa da me, kuma a teburin wa aiki ke kwana.

Sashen kuɗi kuwa wurin taka-tsantsan ne. Ba a fitar da kuɗi sai suna cikin kasafi, mai iko ya amince, an haɗa bauca, wato takardar biyan kuɗi, da rasit. Kada ka karɓi kuɗi daga hannun kowa ba rasit, kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, kada ka ara wa wani kalmar sirrinka. Ranar da odita, mai binciken kuɗi, ya zo, sunan da ya gani shi zai kira.

Ka bambance kansila da ma'aikaci tun makon farko. Kansila zaɓaɓɓe ne, shi da takwarorinsa ke yanke shawara, ma'aikata su aiwatar. In ya ce ka yi masa wani abu, ka amsa da ladabi, ka kai maganar wurin mai horar da kai. Haka in an sa ka rubuta bayanan taro, ba hirar ake so ba: me aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe. Ka kammala cikin kwana biyu, tun ba ka manta maganar ba.

Za ka ga albashin mutane, ƙorafe-ƙorafe da takardun filaye. Ɗaukar hotonsu a waya, ko ba da labarinsu a gida, ya isa a sallame ka.

Ka riƙe littafi, duk ƙarshen mako ka rubuta abin da ka yi da hannunka, mai horar da kai ya sa hannu sau ɗaya a wata. Koyon aiki ba alkawarin ɗauka ba ne, don haka saura wata uku ka gama, ka fara tambayar sashen ma'aikata guraben da za a buɗe, ka kuma nemi wasiƙar shaida tun mai horar da kai yana kan kujerarsa.