Me Ya Sa Jarumin Fim ɗin Koriya Ba Ya Murna Bayan Ya Rama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Katsina, kuma na taso da kallon fina-finan Indiya, inda jarumi yake rama kisan mahaifinsa, a gama da bos, kowa ya tashi rai fari. Kwanan baya mai tura mini fim a Ƙofar Ƙaura ya cika mini waya da fina-finan ramuwar gayya na Koriya ta Kudu, sai na ga kusan kullum mai ramuwar ne yake ƙarewa cikin baƙin ciki. Yayana ya ce kallonsu ɓata lokaci ne, tunda gaskiya ba ta yin halinta. Shin gazawar marubutan ce, ko da gangan suke yi? Daga wani mai karatu, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da gangan ne, kuma a ganina nan ne ƙarfin waɗannan fina-finai yake. A fim ɗin da ka saba da shi, jarumi hannunsa tsaf yake, shi ya sa takobinsa yake zama hukunci. Marubutan Koriya kuwa sukan ɗora wa mai ramuwar nasa laifin tun kafin ya fita farauta, ta yadda idan ya kashe abokin gabarsa, abin da yake cin ransa yana nan bai gusa ba.

Daraktan da ya fi shahara da wannan salo shi ne Park Chan-wook, wanda ya yi fina-finai uku a jere a kan ramuwa. A na farko, Sympathy for Mr. Vengeance na 2002, wani kurma da aka sallama daga masana'anta ya sace 'yar wani mai kamfani domin ya samu kuɗin dashen ƙoda ga 'yar'uwarsa. Yarinyar ta nutse a ruwa bisa tsautsayi, uban ya bi shi har ya kashe shi, alhali ya san ba mugu ba ne, sannan shi ma wasu suka biyo shi. Na biyu, Oldboy na 2003, wanda ya ci babbar kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2004, labarin wani mutum ne da aka kulle a ɗaki ɗaya shekara 15 ba a gaya masa dalili ba. Ya fito yana neman ramuwa, sai ya tarar shi ake rama wa, saboda wata magana da ya furta tun yana makaranta, wadda ta yaɗu har ta yi ajalin wata yarinya. Baki shi ke yanka wuya: a ƙarshe da hannunsa ya yanke harshensa yana neman afuwa.

Na ukun, Lady Vengeance na 2005, shi na fi so ka duba da kyau. Jarumar ta yi shekara 13 a kurkuku kan kisan wani yaro da ba ita ta kashe ba, ko da yake da hannunta a sace shi. A al'adar Koriya, wanda ya fito daga gidan yari ana miƙa masa farar awara, irin wadda ake yi da waken suya, alamar ya fara rayuwa fara tas. Ita kuwa a bakin ƙofar kurkukun ta kifar da farantin. Da ta kama makashin, ta gano ba yaro ɗaya ya kashe ba, sai ta tara iyayen yaran a wata tsohuwar makaranta, ta nuna musu hujja, ta bar musu zaɓi tsakanin kai shi wurin hukuma da yanke masa hukunci da kansu. Suka zaɓi na biyu, suka sa rigunan leda don kada jini ya ɓata musu kaya, suka zauna a layi kowa yana jiran a zo kansa. Wannan layin ya fi kowane faɗa a fim ɗin tayar da hankali, domin mutane ne irinmu, masu ladabi, suna rawar jiki. An gama, ba yaron da ya dawo, ita ma ba ta samu wankin zuciyar da take nema ba.

Tarihin ƙasar yana da hannu a ciki. Koriya ta sha mulkin mallakar Japan daga 1910 zuwa 1945, ta yi yaƙi daga 1950 zuwa 1953, sannan sojoji suka daɗe suna mulki, har suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a birnin Gwangju a 1980. Al'ummar da ta ga haka ba ta saurin yarda cewa hukuma za ta ƙwato mata haƙƙi, shi ya sa ɗan sandan waɗannan fina-finai yakan iso a makare. Rabon da a zartar da hukuncin kisa a Koriya ta Kudu kuma tun 1997. Mu da muke Katsina, muka ga yadda harin ramuwa yake haifar da wani harin a ƙauyukanmu, ba ma buƙatar dogon bayani kan wannan.

Game da maganar yayanka, ina ganin ma'aunin da muka gada ya fi kusa da na Koriya fiye da na Indiya. Aya ta 178 a Suratul Baƙara ta wajabta ƙisasi, ta kuma buɗe ƙofar afuwa da diyya, malamai kuma suka ce alƙali ne yake zartarwa, ba wanda zuciya ta ɗebe shi ba. A fim ɗin Secret Sunshine na Lee Chang-dong, na 2007, wata uwa ta je kurkuku domin ta yafe wa wanda ya kashe ɗanta, sai ya gaya mata cikin natsuwa cewa Ubangiji ya riga ya yafe masa. Ta fito ta yanke jiki ta faɗi. Ɗan Islamiyya ma zai gane ɓacin ranta, tunda an koya mana cewa tuba daga haƙƙin ɗan Adam ba ta cika sai an nemi mai haƙƙin.

Sai dai a yi hattara: fina-finan Park suna da zubar da jini da tsiraici, musamman Oldboy, wanda sirrin ƙarshensa bai dace a rubuta shi a wannan shafi ba. Kada a kunna su a tsakar gida gaban yara.